Kowa na karɓar kuɗin jirgi, wa zai yashe Binuwai?

A watan Maris, idan ka tsaya a kan gadar Jimeta ka leƙa ƙasa, sai ka rantse Binuwai ya yi ƙaura. Yashi ne fari fat har iyakar ganinka, ruwan kuwa ya rabu gida-gida, yana lallaɓawa ta tsakanin tsibirai kamar wanda ya tashi daga jinya. Mata na wanki a inda jirgi mai inji ya ratsa a guje wata shida da suka wuce. Yara na buga ƙwallo a tsakiyar kogi, tifofi na shiga wayam suna fitowa da lodi.

Can gefe ga wani kwale-kwale ɗauke da fasinja da buhunan kayan gona. Bai yi nisa ba sai cikinsa ya gogi ƙasa, ya tsaya cak. Matuƙin ya kashe inji, ya ɗaga farfela sama, ya naɗe ƙafar wando ya dira cikin ruwa iya gwiwa. "Samari, a taimaka a sauko a tura. Inna, ki yi zamanki." Dattijuwar ta rungume ƙullinta tana salati, samari suka sa kafaɗa, jirgi ya ja ciki har ya sami zurfi. Kowa ya haye da jiƙaƙƙen wando aka ci gaba da tafiya, ba wanda ya ko yi tsaki. Abin da ake gani kullum ya daina zama labari.

Amma kafin matuƙin nan ya kwance igiyarsa da safe, ya riga ya sa hannu a aljihu. Akwai kuɗin ƙungiya, akwai na tashar da jirginsa ke kwana a ɗaure, ga rajista da lasisin da doka ta ɗora masa, ga kuma ɗan abin gaisuwar masu bakin ruwa. Wanda duk ya zauna da masu fito, a Jimeta ne ko Numan ko Ibi, kuka ɗaya zai ji daga bakuna daban-daban: masu karɓa sun yi yawa, mai gyara babu. Biyan bai fi ci musu rai ba kamar yadda kuɗin ke tafiya ba a ganin sawunsu a kan ruwa.

Ga mutumin Damilu ko Jambutu, wannan magana ce ta gida. Fadamar Geriyo na bayan ɗakinsa, tafkin Geriyo kuma Binuwai ne ke cika shi idan ya tumbatsa da damina. Kifin da ake soyawa a bakin titi da yamma, da shinkafa da kayan lambun noman rani, da yashin da aka buga bulon gidansa, da wuya ka sami wanda bai bi ta hannun mutanen ruwa ba.

Garin da kogi ya haifa

Sunan kogin kansa kirari ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa da Borno da sunan Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a watan Yunin 1851, ya rubuta cewa a harshen Bata ma'anar sunan ita ce uwar ruwaye. Masu kwale-kwale ne suka fitar da shi da kayansa kafin ya ƙarasa Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841. Ke nan sana'ar fito ta girmi duk wata hukuma da ke yanka mata lasisi a yau.

Tsawon Binuwai ya kai kimanin kilomita 1,400. Daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru ya taso, ya bi ta Garwa ya shigo Najeriya, ya wuce Jimeta, ya karɓi Gongola a Numan, ya ratsa Ibi da Makurɗi, sannan ya haɗu da Kogin Neja a Lakwaja. Wannan doguwar hanya ce ta jawo 'yan kasuwar Ingila, kuma da zuwansu aka fara jayayya kan inda baƙo zai ɗaure jirginsa. Kamfanin Royal Niger Company, wanda gwamnatin Ingila ta ba takardar iko a 1886, ya daɗe yana ciniki a Yola daga kan ruwa. Wani tsohon jirgi aka ɗaure a kogi, shi ne kanti shi ne sito, don masu sarautar Adamawa ba su saki jiki da barin baƙon ya kafu a tudu ba. A lokacin mai ƙasa ne ke nuna wa mai jirgi turke.

A ƙasan kogi kuwa kamfanin ne mai baki. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya ce Neja da rassansa hanya ce ta kowa, amma kamfanin ya ƙaƙaba lasisi da haraji masu tsadar da suka toshe wa kowa hanya sai shi. Mutanen Nembe, waɗanda suka gaji cinikin kogi kaka da kakanni, suka wayi gari ana ce musu 'yan fasa-ƙwauri a ruwan gidansu. A watan Janairun 1895 Sarki Koko ya tara jiragen yaƙi ya auka wa babbar tashar kamfanin da ke Akassa. Tura ce ta kai bango, kuma lasisi ne ya kai ta.

Yola ma ta ruwa aka ci ta. A watan Satumban 1901, lokacin da kogi ya cika, jirage suka kawo sojojin Turawa, Lamiɗo Zubairu ya bar gari. Daga nan Jimeta ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa. A wancan zamani, tsakanin Yuli da Oktoba manyan jirage kan hawo daga Burutu da Warri da gishiri da yadi da kananzir da siminti, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Idan ruwa ya kai maƙura har Garwa suke isa na 'yan makonni. A 1956 aka kafa sashen gwamnati mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, kuma ƙwararrun kamfanin NEDECO na ƙasar Holan suka auna Neja da Binuwai suka fitar da rahoto a 1959. Ana auna zurfi, ana kafa alamomi, ana cire kututture daga hanya, domin kayan manyan kamfanoni ne ke bi.

Daga baya yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse zirga-zirga a ƙasan kogi, titi da gada da tirela kuma suka ƙwace kaya. Manyan jirage suka ɗauke ƙafa, kulawar ta bi su. Aka bar kogi da talakan da ba shi da wata hanyar zuwa gona ko kasuwa sai ta kansa.

Ruwa na Abuja, jirgi na sakatariya

Wa ke da ruwan nan? Amsar tana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, sai dai a wuri biyu take, kuma ba sa kallon juna. A jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, an sa sufurin jirage a Kogin Neja da rassansa, Binuwai kuwa shi ne babban reshen Neja. Amma in ka buɗe jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, za ka tarar da kwale-kwale a layi ɗaya da keke da baro da amalanke, cikin abubuwan da ƙaramar hukuma ke yanka wa lasisi. Wato ruwan na Abuja ne, jirgin kuma na sakatariya.

Hannun Tarayya a kan ruwa shi ne Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 13 ta 1997. Hedkwatarta na Lakwaja, tana kuma da ofishin yanki a Yola. Doka ta ba ta ikon yi wa jirage rajista, da ba su lasisi, da duba lafiyarsu, da ba da izinin gina tasha ko haƙar yashi, da karɓar kuɗi a kan duk waɗannan. Dokar nan dai ita ce ta ɗora mata yashe hanya, da auna zurfi, da kafa alamomi, da share ciyawar ruwa. Fuska biyu ce ta takarda ɗaya. Mai jirgi ya haddace ta farko, don ita ke zuwa ta same shi a tasha. Ta biyun jin ta yake yi a rediyo.

Gaɓar da ake ɗaure jirgin ma ba ta tsira ba. Dokar NIWA ta ware mita 100 daga bakin ruwa a matsayin harabar hanyar ruwa, alhali Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da ya daɗe yana haɗa Tarayya da jihohi faɗa. A Geriyo akwai Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedkwata a Yola, wadda ke da aikin noman rani a fadamar. Jiha na da nata bakin kan kamun kifi. Ga kuma sarautun gargajiya irin su Sarkin Ruwa, waɗanda tun kafin a san rasit su ne ke raba mashigi, su sasanta masunta, su jagoranci neman gawa idan ruwa ya ci mutum. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa. Matsalar ita ce duk hujjojin a aljihu ɗaya suke sauka.

Ba a Adamawa kaɗai abin ke ciwo ba. Da Jihar Legas ta kafa tata hukumar ruwa, LASWA, a 2008, masu jiragen haya da masu haƙar yashi suka ga ana tatsarsu ta fuska biyu. A 2012 ƙungiyoyinsu suka garzaya kotu da buƙata mai sauƙi, a faɗa musu wanda za su biya. Babbar Kotun Tarayya ta ba NIWA gaskiya a 2014. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2017, ta ce ruwan da bai fita jiha ba na jiha ne. Ranar 5 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa NIWA ikon lasisi da karɓar kuɗi a hanyoyin ruwan da doka ta ayyana. Kusan shekara 12 aka yi ana shari'a a kan wa zai karɓa. Tambayar wa zai gyara kuwa har yanzu tana bakin kogi tana jira.

Yadda yashi ke cinye hanya

Kogi ɗan dako ne, kuma ƙarfin gudunsa ne ke yanke yawan kayan da zai ɗauka. Da damina, lokacin da ruwa ke gudu jajawur, yana kwaso ƙasa daga gonaki da kwazazzabai da tsaunuka. Da gudun ya ragu sai ya fara sauke kaya, tsakuwa da yashi mai nauyi da farko, laɓo mai laushi daga baya. A kwana, ruwan da ke bin gefen waje ya fi sauri, shi ya sa yake cin gaɓa yana yin zurfi, na gefen ciki kuma yana tafiya a hankali yana tara yashi. Don haka zurfin kogi ba ya bin tsakiya. Yakan manne wa wannan gaɓa, ya tsallaka ya manne wa waccan, kuma a wurin tsallakawar ne ruwa ke zama iya gwiwa. A irin nan ne jirgin da muka gani ɗazu ya maƙale.

Tsohon matuƙi ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Kalle shi a bakin jirgi yana caka gora yana zarewa, yana duba inda jiƙar ta tsaya. Fuskar ruwa ma karanta ta yake yi. Inda ta yi sumul ta yi duhu, akwai zurfi. Inda take ƙananan kumfa tana rawa, yashi na kusa. Inda take juyawa wuri ɗaya, wataƙila kututture ne ya nutse, kuma kututture ɗaya ya isa ya fasa katako ko ya karya farfela, aikin mako biyu ya tafi. Sai dai ilminsa na shekara ɗaya ne. Kowace ambaliya tana sake zana hanya, inda aka bi bara ya zama tudu bana.

Abubuwa sun ƙaru a kan wannan tsohuwar ɗabi'a ta kogi. Sare itatuwa da noma har bakin gaɓa sun sa ƙasa na zubowa fiye da da. Kogin Faro, wanda ke shigowa kusa da iyakar Kamaru, ba shi da wata babbar madatsa, kuma ya shahara da yashi. Madatsar Lagdo, wadda aka gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982 kimanin kilomita 50 daga Garwa, ta sauya lokacin zuwan ruwa da yawansa. Idan ta cika aka buɗe ƙofofinta a kan kogin da ruwan sama ya riga ya cika, mutanen Fufore da Girei da Yola da Demsa da Numan su ne na farkon gani. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ƙaramar hukumar Fufore don ta tare rarar ruwan har yau tana kan takarda. Kogin da yashi ya cike cikinsa kamar kwano ne da aka zuba wa ƙasa: da rani ba ya ɗaukar jirgi, da damina ba ya ɗaukar ruwa. A ambaliyar 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙirga mutum 363 da suka rasu a faɗin ƙasa, ta 2022 kuma ta ci fiye da 600.

Tafkin Njuwa da ke kusa da Yola ya isa misali. Wurin da ya yi suna da bikin kamun kifi, yashi da laɓo sun ci ƙarfinsa, ruwansa ya ja baya.

Kowane ɗan siyasa ya iya cewa za a yashe Binuwai. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar Neja daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, kuma a watan Janairun 2019 aka buɗe tashar Baro. Binuwai bai sami irin wannan ba. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: yasar kogi ba kamar yasar rijiya ba ce da za a yi sau ɗaya a huta. Ramin da aka haƙa bana, damina ɗaya ko biyu sun isa su mayar da shi. Aiki ne na kowace shekara, mai cin kuɗi, wanda ba ya biyan kansa sai da manyan jiragen kaya. Masu yashi da tifofinsu kuma ba su ne maganin ba, don inda mota ke iya shiga suke ɗiba. Idan suka matsa wa gaɓa ko gindin gada, ɓarnar ta fi gyaran yawa.

Lissafin da ke kifar da jirgi

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Man da inji zai sha daga wannan gaɓa zuwa waccan kusan ɗaya ne, ko mutum 10 aka ɗauka ko 20. Kuɗin tasha da na ƙungiya ma ba sa raguwa don fasinja sun yi kaɗan. Ke nan fasinjojin farko na mai ne da masu rasit, ribar mai jirgi tana kan na ƙarshe, waɗanda bai kamata a ɗauka ba. Fasinjan ma ba ya son a bar shi, rana ta yi, kasuwa na ci. "Baba, ni kaɗai ne, a matsa mini."

Ran jirgi yana cikin tazarar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa. Kowane buhu da kowane babur da aka ɗora yana cin wannan tazara, har ta koma kamu ɗaya ko ƙasa da haka. A nan igiyar ruwa kaɗan ta isa ta leƙo ciki. Ruwan da ya shiga kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk gefen da jirgi ya karkata can yake gangarawa ya ƙara masa nauyi. Sai tsoro ya sa mutane su miƙe, nauyi ya koma sama, su ruga gefe guda. Abin da ya rage daƙiƙoƙi ne. Shi ya sa kalmar da matuƙi ya fi maimaitawa idan iska ta taso ita ce a zauna, kar kowa ya tashi.

Mun ga sakamakon. A watan Nuwamban 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 'yan biki suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara. A watan Satumban wannan shekarar abin ya zo gida, jirgin da ya taso daga Rugange ya kife a Njuwa, kwanaki kaɗan bayansa wani ya kife a Gurin ta ƙaramar hukumar Fufore.

Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku da arzikin ruwa a watan Agustan 2023, aka kuma fitar da sababbin ƙa'idojin sufurin ruwa: ba tafiyar dare, ba lodin da ya wuce kima, ba shiga jirgi sai da rigar kariya, jirgi da matuƙi kowa da takardarsa. Ministan ma'aikatar, Adegboyega Oyetola, ya yi ta kira ga jihohi da su raba mutane da jiragen katako su koma na zamani. Babu mai hankalin da zai ƙi waɗannan ƙa'idoji. Amma mai fito na da tambayoyinsa, kuma ba na taurin kai ba ne. Riguna 20 na jirgi ɗaya wa zai saya, a ina za a ajiye su kada rana da ɓera su cinye? Manomin da ya tashi daga gona bayan la'asar, da 'yar kasuwar da ba ta sayar da kayanta ba sai dab da magariba, a tsallake za su kwana? Wanda da ƙyar yake sayen ƙusa da kwalta ya toshe ɓarakar jirginsa na katako, da me zai sayi na zamani? Dokar da ba ta amsa waɗannan ba takan zama sabuwar hanyar karɓar na goro, mai jirgi ya biya, ya ƙara fasinja biyu ya mayar da kuɗinsa.

Har a Ingila ana wannan kuka

A Ingila da Wales akwai wasu hanyoyin ruwa na kusan kilomita 3,200, yawancinsu magudanai ne da aka haƙa da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce don jigilar gawayi da kayan masana'antu. Tun 2012 wata gidauniya mai suna Canal & River Trust ke kula da su, kuma jirage fiye da 30,000 ke biyan ta lasisi. Wasu mutanen a cikin jiragen suke zaune saboda tsadar haya, musamman a Landan. Wanda ba shi da matsayar dindindin da yake biya, doka ta ce kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Daga watan Afrilun 2024 aka ƙara wa irin waɗannan kuɗi a kan lasisinsu, suka yi ta zanga-zanga suna cewa ana korar talaka daga ruwa, ga ƙofofin magudanai na lalacewa, ga laɓo na cike hanya. Gidauniyar kuma na cewa tallafin gwamnati zai ragu daga 2027, dole ta nemo kuɗi.

Kukan iri ɗaya ne da na Jimeta, amma akwai bambanci guda. Mai jirgin can ya san hannu ɗaya yake biya, farashin a rubuce yake kowa na gani, gidauniyar na buga lissafin kuɗinta duk shekara, kuma masu jirage na zaɓen wakilansu a majalisarta. Idan ya yi faɗa, da takarda a hannu yake yi.

Ladan kuturu

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin da mai fito ke nema bai kai tsadar yasar kogi daga Lakwaja zuwa Yola ba. Yana son a zauna tsakanin NIWA da jiha da ƙaramar hukuma da ƙungiya a fitar da rasit ɗaya, su raba a tsakaninsu can a ofis, a kuma kafa allo a kowace tasha da farashin a rubuce da Hausa da Fulatanci. Yana son lasisi ya zo da kaya a hannu, rigunan kariya da ke ajiye a tasha ƙarƙashin kulawar ƙungiya, da layin fenti a jikin jirgi wanda in ruwa ya taɓa shi ko yaro ya san lodi ya isa. Wannan layin zai raba gardama tsakanin matuƙi da fasinja fiye da kowace tara.

Hanyar ruwa kuma, tunda kowace shekara take sauyawa, kowace shekara ya kamata a bi ta bayan janyewar ambaliya, a kafa sanduna da tutoci a mashigai, a janye kututturan da suka nutse. Masu wannan ilmi suna nan a bakin kogi da gorarsu, abin da ya rage a ɗauke su aiki a biya su daga kuɗin da su da kansu suke tarawa. Tashar da ake karɓar kuɗin ɗaure jirgi ta cancanci matakala ta siminti da fitila da turaku masu ƙarfi, don mai ciki da tsoho su daina tsalle daga taɓo zuwa katako. Sanarwar sakin ruwan Lagdo ta isa tasha da wuri, ta rediyo da bakin Sarkin Ruwa. Idan za a tsara doka kan lokacin rufe fito, a yi ta da waɗanda suka san ranakun kasuwannin tsallake. Su ma masu fito akwai nasu askin: wanda ya ɗauki ran mutane a kan katako ba shi da hujjar ƙin a duba jirginsa, kuma ƙungiyar da ta iya karɓar kuɗi kullum ta iya hana ɗanta lodin ganganci.

Watan Satumba na nan tafe kamar yadda ya saba. Yashin da yara ke ƙwallo a kai zai nutse, Geriyo zai cika ya haɗe da kogi, ruwa ya fara leƙa gidajen da ke gangare a Damilu da Jambutu da sauran unguwannin bakin fadama. A ranar mota ba ta da amfani, Keke Napep ma iyakarsa bakin kwalta. Wanda za a ƙwala wa kira shi ne mutumin nan mai naɗaɗɗen wando, ya shigo lungu da gorarsa ya kwashe tsofaffi da yara da katifu da awaki. Babu wanda zai tambaye shi lasisi a ranar. Idan ruwa ya janye aka koma tasha da littafin rasit, ya dace a tuna cewa shi ya riga ya yi nasa askin.